2,147,483,647: lambar da manhajoji da yawa ba sa iya tsallakewa

Idan kana buga wasannin waya, wataƙila ka taɓa ganin wani ya yi kutse ya tara kuɗin wasa, amma adadin ya tsaya cak a kan 2,147,483,647. Ba mai wasan ne ya zaɓi wannan lamba ba, iyakar ma'ajin ce.

Kwamfuta ba ta san komai ba sai 0 da 1, kowane gurbi ɗaya kuma ana kiransa bit. Manhajoji da yawa suna ajiye lamba a gurbi 32. Ana ware guda domin nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi, saura 31. Cika su duka da 1, za ka samu 2,147,483,647. Wato ka ninka 2 da kanta har sau 31, ka cire ɗaya.

A lissafi ma lambar tana da daraja. Mara ce, ba cika ba, kuma babu lambar da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan su ake kira firaim, kamar 7 da 13. Firaim ɗin da ake samu ta ninka 2 a cire ɗaya ana kiransu lambobin Mersenne, sunan wani malamin coci ɗan Faransa, kuma wannan ita ce ta takwas a jerinsu: 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071, 524,287, sai ita. Leonhard Euler ne ya tabbatar da ita firaim ce a 1772, da alƙalami da takarda. Wayarka yau za ta yi wannan aikin kafin ka ƙifta ido, don gwada masu rabawa har zuwa 46,340 ya wadatar.

Matsalar tana zuwa ne idan aka ƙara 1 a kanta. A irin wannan ma'aji lambar kan juye ta koma −2,147,483,648. A 2014 bidiyon Gangnam Style ya haura wannan adadi na masu kallo, amma YouTube ya hango hakan, ya riga ya koma ƙirga da bit 64. Akwai kuma na'urorin da ke ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairu 1970. Ma'ajinsu zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya, daga nan su ɗauka ana cikin Disamba 1901. Sababbin wayoyi ba su cika shiga wannan haɗari ba, tsofaffin na'urori da ba a sabunta su ne abin ji.

Ga masu koyon rubuta manhaja, a nan ne na fi so ku kula. Idan kana ajiye kuɗi da kwabo a bit 32, iyakarka naira 21,474,836 da kwabo 47. Ɗan kasuwa ɗaya a Kantin Kwari zai iya wuce wannan. A Java ko Kotlin, yi amfani da long maimakon int duk inda kuɗi ko lokaci ya shigo.