Darasin Wannan Mako: Zaɓen Alƙalai Ya Fi, Ko Naɗa Su?

 Da yawa daga cikinmu za mu cika shekara 18 nan ba da daɗewa ba, mu karɓi katin zaɓe. Da katin nan za mu iya zaɓen kansila, shugaban ƙaramar hukumar Fagge, ɗan majalisa, gwamna, har shugaban ƙasa. Amma akwai wasu masu iko da ba za mu taɓa ganin hotonsu a takardar ƙuri'a ba: alƙalai. Me ya sa? Kuma ko'ina a duniya haka ake yi? Masu darasin Gwamnati su buɗe ido, domin wannan batu yana cikin babin rabon iko.

Matakan kotuna a Kano

A ce 'yan kasuwa biyu a Sabon Gari sun yi rigima kan bashi, ƙara ta je kotun majistare ta Nomansland. Wanda bai gamsu da hukunci ba zai ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, daga ƙarshe Kotun Ƙoli a Abuja. In kuwa rigimar gado ce ko aure aka yanke a kotun shari'ar Musulunci, irin ta Fagge 'Yan Alluna, za a iya kai ta Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, inda aƙalla alƙalai uku za su zauna a kanta.

Aikin kotun ɗaukaka ƙara ba sake tara shaidu ba ne. Tana duba takardun shari'ar ne, ta saurari lauyoyi, ta ga ko alƙalin ƙasa ya bi doka. Kuma abin da ta yanke yakan zama ma'aunin da ƙananan kotuna za su riƙa bi. Shi ya sa ake damuwa da wanda zai hau wannan kujera.

Yadda ake naɗa su a wurinmu

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya shimfiɗa hanyar. Mataki na farko yana hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha. Babban Jojin jiha ne shugabanta, a cikinta akwai Kwamishinan Shari'a, da Girandi Kadi, da lauyoyi biyu, da wasu mutum biyu masu mutunci waɗanda ba lauyoyi ba. Ita ke miƙa sunaye ga Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NJC, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Nijeriya. NJC ta tantance, ta ba gwamna shawara, sannan gwamna ya naɗa.

Sashe na 271 ya ce sai lauya ya shekara 10 da zama lauya kafin ya zama alƙalin Babbar Kotu. Sashe na 276 ya tanadi shekara 10 da kuma shaidar ilimin shari'ar Musulunci ga mai son zama Kadi. Babban Joji da Girandi Kadi kuwa, sai Majalisar Dokokin Jiha ta amince da su. A Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya shekara 12 ake nema, a Kotun Ƙoli shekara 15, kuma shugaban ƙasa ne ke naɗawa. Tun gyaran da aka yi wa kundin a 2023, alƙalan manyan kotuna suna ritaya ne a shekara 70.

Ta wannan hanya Mai Shari'a Dije Abdu Aboki ta zama mace ta farko da aka tabbatar a muƙamin Babbar Jojin Kano a 2023. Ta nan kuma Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ta tashi daga Babbar Kotun Kano, ta shiga Kotun Ƙoli a 2005, ta zama mace ta farko Alƙaliyar Alƙalan Nijeriya daga 2012 zuwa 2014.

Naɗi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A da, sarki ne ke naɗa alƙali daga cikin malamai. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Arewa, wadda Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya shugabanta daga 1962 zuwa 1967.

Inda ake zaɓen alƙalai

A Amurka, shugaban ƙasa ne ke naɗa alƙalan tarayya, Majalisar Dattawa ta amince. Amma kowace jiha tana da tsarinta. Jihar Mississippi ce ta fara zaɓen dukkan alƙalanta a 1832, wasu suka bi sahu. Yau hanyoyi uku suka fi shahara.

Ta farko, zaɓe da tutar jam'iyya. A Texas, alƙalai tara na Kotun Ƙolin jiha suna tsayawa takara a faɗin jihar, kamar gwamna, don wa'adin shekara shida.

Ta biyu, zaɓe ba tare da sunan jam'iyya a takardar ƙuri'a ba. A Wisconsin haka ake zaɓen alƙalai bakwai, kowanne na shekara 10.

Ta uku ita ce tsarin da jihar Missouri ta ɓullo da shi a 1940. Kwamiti ya fitar da sunaye uku, gwamna ya ɗauki ɗaya. Bayan alƙalin ya ɗan yi aiki, sai a tambayi jama'a: ya ci gaba, ko ya sauka? Ba shi da abokin takara, amsa kawai e ko a'a.

Bolibiya ta fara zaɓen alƙalan manyan kotunanta a 2011. Meksiko ma ta yi nata ranar 1 ga Yuni, 2025, aka zaɓi alƙalai tara na Kotun Ƙoli da wasu ɗaruruwa. Amma kusan kashi 13 cikin 100 na masu rajista ne kaɗai suka fito.

Hujjar masu son zaɓe

Sun ce iko na jama'a ne, don haka wanda zai iya ɗaure mutum ko ya raba shi da gidansa ya kamata ya san cewa jama'a za su tambaye shi. Sun ce naɗi a ɗaki ake yin sa, talaka ba ya ganin yadda aka yi, kuma ɗan wane yana iya shiga gaban wanda ya fi shi cancanta. Sun ƙara da cewa alƙalin da gwamna ya naɗa zai ji nauyin gwamnan ranar da aka kai shi ƙara gabansa.

Hujjar masu son naɗi

Su kuma sun ce kamfe kuɗi yake ci, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ga misali daga jihar West Virginia. An yanke wa wani kamfanin kwal mai suna Massey tarar dala miliyan 50. Shugaban kamfanin, Don Blankenship, ya kashe kusan dala miliyan 3 wajen taimakon Brent Benjamin ya ci zaɓen Kotun Ƙolin jihar a 2004. Da ƙarar ta iso, Benjamin ya ƙi janyewa, aka soke tarar da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, shi ma yana cikin ukun. A 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta ce wajibi ne ya janye. A Wisconsin kuwa, takarar kujera ɗaya tak a Afrilun 2025 ta lashe sama da dala miliyan 100.

Hujja ta biyu ita ce tsoro. Wani lokaci doka tana tare da wanda gari ya tsana. A 1986 masu zaɓe a Kalifoniya sun sauke shugabar Kotun Ƙolin jihar, Rose Bird, da alƙalai biyu, musamman saboda yadda suke soke hukuncin kisa. Alƙalin da ya ga haka, zai iya yin hukunci bai waiwayi akwatin zaɓe ba?

Mu auna da abin da ya faru a gida

Ranar 20 ga Satumba, 2023, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Gwamna Abba Kabir Yusuf. Ranar 17 ga Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta yanke hukuncin da bai yi masa daɗi ba. Ranar 12 ga Janairu, 2024, Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin biyun, ta tabbatar da shi. Ko wane ɓangare gidanku yake, ku yi tunani: da a ce alƙalan nan da tutar NNPP ko APC suka hau kujera, wa zai yarda da hukuncinsu? A gefe guda kuma, surutun da aka yi ta yi a lokacin, daga Kantin Kwari har cikin adaidaita sahu, ya nuna cewa naɗi kaɗai bai isa ya sa mutane su amince da kotu ba.

Saboda haka tambaya ba ta tsaya ga yadda alƙali ya shiga ba. Akwai yadda za a fitar da shi. Sashe na 292 ya ce gwamna ba zai tsige Babban Joji ko Girandi Kadi ba sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na Majalisar Dokoki, sauran alƙalai kuma sai da shawarar NJC. Wannan katanga ce ke ba alƙali ƙarfin gwiwar saɓa wa wanda ya naɗa shi. Akwai kuma batun albashi da kuɗin tafiyar da kotu: in sai an je roƙo gidan gwamnati, 'yanci ya ragu.

Aikin gida

1. Zana matakan da ƙarar gado za ta bi daga Fagge har Kotun Ƙoli.
2. Kawo bambanci biyu tsakanin tsarin Texas da na Missouri.
3. A Sabon Gari akwai Hausawa, Ibo, Yarabawa da sauran ƙabilu, Musulmi da Kirista. Idan ƙuri'a ce ke naɗa alƙali, wa zai kare haƙƙin marasa rinjaye?

Ku jefa amsoshinku a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa uku da suka fi ma'ana a fitowa ta gaba, kuma tambaya ta uku ce za ta zama taken muhawararmu.