Yadda A Ke Kiyaye Katakon Waje Da Banish Na Jirgin Ruwa

Duk wanda ya zaga Gama da sauran unguwannin Nassarawa ta Kano, ya dubi ƙyamaren masallatai da na makarantu, da bencin da a ke ajiyewa a ƙofar masu unguwa, da allunan sanarwa, zai ga abu guda yana maimaita kansa. Katakon da aka kafa bara yana sheƙi, bana ya yi fari fat, ya tsattsage, banish ɗinsa yana saɓulewa kamar saɓar maciji. Akan ɗora laifin a kan kafinta. Sau da yawa kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai: ko dai an sayi banish irin na cikin ɗaki, ko an shafa shi ba a lokacinsa ba, ko kuma an shafa sau ɗaya aka manta. Domin haka a ke so hakimai da malamansu su san yadda aikin ya ke, tun da yake ta hannunsu roƙon gyara ya kan bi kafin ya isa ƙaramar hukuma.

Magabata ba su sha wannan wahala sosai ba, gama da azara su ke rufi, ita kuwa giginya gara ba ta cinta da sauƙi. Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, inda Hanns Vischer ya buɗe makaranta a 1909, ginin ƙasa ne da azara. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911 ne katakon da aka yanka da inji ya yawaita, yana zuwa daga kudu, daga dazuzzuka masu laima. Itacen da ya girma can, aka kawo shi nan, ya shigo ƙasar da ba ta yi masa sauƙi.

Dalili kuwa shi ne, katako ko ya bushe bai daina shan ruwa daga iska ba. Da damina, musamman cikin Agusta, sai ya kumbura, har ƙyaure ya ƙi rufuwa. Da hunturu iska ta bushe ƙayau, sai ya tsuke, a ga haske ta tsakanin alluna. Kowace shekara yana cikin wannan kai da kawowa. Sa'an nan ga rana. A cikin haskenta akwai wani sashe da ido ba ya gani, shi ne ke cinye ƙaron da ya haɗa zaren itace, har fuskar katako ta yi toka-toka ta riƙa gari. Maginan Kano sun daɗe da sanin hadari daga gabas ya ke tasowa, shi ya sa su ke ƙara wa bangon gabas makuba. Haka abin ya ke ga katako: ƙyauren da ke duban gabas ruwa ke dukansa, mai duban yamma kuma ranar la'asar ke gasa shi.

Banish na jirgin ruwa an yi shi ne tun asali domin dogayen itatuwan da a ke ɗaura wa zanen jirgi, waɗanda iska ke tanƙwarawa, ruwan gishiri na zuba musu, rana na dukansu. Bambancinsa da na cikin ɗaki shi ne yawan mai. Akan haɗa shi da man 'ya'yan wani itace na ƙasar Sin mai suna tung, ko man linsid, a dafa da ƙaro. Da ƙaron itace a ke yi, har Leo Baekeland ya gano ƙaron haɗi a Amurka cikin 1907, daga baya masu yin banish suka ɗauke shi. Na yanzu kuma akan sa masa maganin da ke tare wancan sashe na hasken rana. Saboda yawan man, ko ya bushe yana da danƙo, yana miƙewa yana tsukewa tare da katako. Na cikin ɗaki ya fi shi tauri, ya fi shi saurin bushewa, ya kuma fi araha, amma taurin nan shi ne cutarsa, hunturu ɗaya ya isa ya fasa shi. To, lalle malamin da aka aika sayayya ya karanta abin da ke jikin gwangwani, kada ya dogara ga bakin mai kanti.

Abin da ya fi kome wuya a ƙasar Kano shi ne zaɓen lokaci. Da damina katako jiƙe ya ke, in an rufe shi da banish an kulle ruwa ciki ke nan, rana na fitowa sai ya yi ƙuraje ya yi dishi-dishi. Da tsakiyar hunturu kuwa ƙura ce ke sauka bisa ɗanyen shafi, ya bushe da kaushi kamar samfefa. Da bazara zafi ya kan busar da saman tun buroshi bai gama tafiya ba, ƙarƙashin yana ɗanye, sai ya yamutse. Saura kaka. Daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke da mako biyu ko uku, kafin hazo ya yi ƙarfi, nan ne lokacin. Gajere ne, kuma ya yi daidai da hidimar girbi, saboda haka tilas a tanadi kuɗi da kaya tun cikin Satumba. Kadan larura ta sa a yi a wani lokaci, sai a cire ƙyauren a kai shi ɗaki mai inuwa, a yayyafa ruwa ƙasa domin ƙura ta kwanta, a yi aikin da hantsi.

Ga yadda a ke yi. A fara kankare tsohon banish duk inda ya ɗaga, har a kai ga lafiyayyen katako. Sabo bisa ruɓaɓɓe ba ya zama. A goge da samfefa mai kaushi, lamba 80 ko 120, a bi da mai laushi, lamba 220, kullum ana bin tsawon zaren itace, ba a gicciye ba. A share garin sarai da tsumma. Shafin farko a tsinka shi da tafentin, ko da kashi ɗaya cikin huɗu, domin ya nutse cikin katako ya kama. Kada a tsinka da fetur, kada kuma da man tsinka fentin mota, gama yana ɓata banish mai mai. A juya gwangwani a hankali da tsinke, ba a girgiza shi, don kada kumfa ta shiga. A bar kowane shafi ya kwana ya yini, a ɗan goge da samfefa mai laushi, a share, a sake. Shafi biyu da kafintoci suka saba yi na kayan ɗaki ne. Na waje yana bukatar biyar ko shida, kowanne siriri.

Wurin da a ke yawan mantawa shi ne kan ƙyaure da gindinsa, da ƙafafun benci, watau inda zarto ya yanke zaren itace. Ta nan katako ke zuƙar ruwa kamar lagwani. Ƙyauren da aka shafe fuskarsa aka bar gindinsa, daga ƙasa zai soma ruɓa, banish ɗin yana nan yana sheƙi a sama. A lura kuma, banish ba maganin gara ba ne. Sai an fara sa wa katako maganin gara marar launi ya bushe sosai. Baƙin nan mai warin kwalta yana ɓullowa ta cikin banish ya hana shi bushewa. Benci kuma a ɗora shi bisa daɓe ko dutse.

Malamin ofis yana iya auna lissafin kafinta da kansa. Ƙyaure mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 90, fuska biyu da gefuna, ya kai wajen murabba'in mita 4. Shafi shida ya zama 24. Lita ɗaya takan rufe kimanin murabba'in mita 12, ke nan lita 2 ga ƙyaure guda. Kafintan da ya ce lita ɗaya ta ishi ƙyamare huɗu, ba shafi shida ya ke nufin yi ba.

Gaskiya ita ce, a ranar Kano fenti mai kyau ya fi banish daɗewa, domin launinsa yana tare haske gaba ɗaya. Allon sanarwa da bencin farin katako, waɗanda ke tsaye a fili, fenti ya fi dacewa da su. Banish na katako ne mai daraja, wanda a ke so a ga ƙirar jikinsa, kamar maɗaci da maɗobiya da loko, musamman in yana ƙarƙashin baranda. Irin wannan katako kuwa ba kamar da ba ne. An sa maɗobiya cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 2017, maɗaci kuma ya bi sahu a 2023, saboda yawan sara. Hakimin da ya gaji ƙyauren maɗaci mai kauri a ofishinsa, in ya bari ya lalace, da wuya ya sami kamarsa a 'Yan Katako ta Na'ibawa ba tare da ya biya kuɗi mai nauyi ba.

Saboda haka a ke so kowane ofishin hakimi ya buɗe shafi guda a littafin kaya, a rubuta kowane ƙyaure da taga da benci, da wajen da ya ke duba, da ranar da aka shafe shi, da irin banish ɗin. Kowace kaka malami ya zaga da littafin. Inda sheƙi ya dushe amma bai fashe ba, gogewa kaɗan da shafi ɗaya ko biyu sun isa, aikin yini biyu ne. Inda aka bari ya fashe har ruwa ya shiga katako ya yi baƙi, sai an kankare duka an koma farko.

Tsummokin da suka sha banish kada a dunƙule su a jefa cikin sito ko kusa da takardu. Man yana yin zafi da kansa sa'ad da ya ke bushewa, har ya kan kama wuta ba tare da ashana ba. A shanya su ɗai-ɗai a fili, ko a tsoma su cikin bokitin ruwa, kafin a tashi daga aiki.