Saba da lasisi: kafin ka kai furojet ɗinka Isa ko Sabon Birni

Da zarar an fitar da jerin furojet na 'yan ajin ƙarshe a sashen kwamfuta, za ka ga yawancinsu 'yan gida ɗaya ne: rajistar marasa lafiya, sakamakon ɗalibai, lissafin kayan shago. Kowa ya sauke XAMPP, ya rubuta PHP, ya nuna wa sufabaiza a laftof, a ci difens, a watse. Wannan darasi na wanda ke son aikinsa ya wuce nan ne, misali a ce wata ƙaramar cibiyar lafiya a Isa ko Sabon Birni ta karɓa ta riƙa aiki da shi.

Irin wannan manhaja ƙafa uku gare ta. Akwai saba, wato manhajar da ke karɓar buƙata daga burauza. Akwai kod ɗin da ka rubuta. Sai rumbun bayanai, inda sunaye da lambobi ke kwance. Ma'aikaciyar jinya ta buga lambar kati, saba ta miƙa wa kod ɗinka, kod ya tambayi rumbu, amsa ta dawo ta hanyar da ta bi.

Tambayar farko ba "wace saba" ba ce, "a ina za ta zauna" ce. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, kuma Isa da Sabon Birni na ciki. Duk manhajar da aka ɗora a sabar haya ta Legas ko Amurka, ga mutumin Gatawa ta mutu ke nan, ko da kuwa can tana aiki lafiya lau. Don haka a wannan yanki ni ina ganin saba ta zauna cikin ginin: kwamfuta ɗaya mai ƙarancin cin wuta, sola da batir, da rauta mai haɗa ta da sauran na'urori. Rauta ba ta buƙatar data kafin ta haɗa kwamfutocin da ke gida ɗaya. Mutane da yawa ba su san haka ba.

To, wace saba? Uku ne za ka fi cin karo da su. Apache ta fito tun 1995. Nginx, wadda Igor Sysoev ɗan Rasha ya fitar a 2004, ta yi suna wajen ɗaukar dubban masu shiga lokaci guda. Sai IIS ta Microsoft, mai zuwa cikin Windows. Gardamar wacce ta fi sauri ba ta shafe ka ba. Asibitin da ma'aikata biyar ke shiga manhaja, ko wacce ka sa ba za ta yi gumi ba. Abin da ya raba su a wurinka shi ne lasisi.

Apache da Nginx kyauta ne, kuma lasisinsu ya yarda ka yi kasuwanci da su. Babban sharaɗin shi ne idan ka raba su ga wasu, ka bar bayanin haƙƙin mallaka da ke ciki. IIS kuwa ba a sayar da ita ita kaɗai, amma gidan da take zaune na kuɗi ne. Tun daga bugun 2016, ana lissafin lasisin Windows Server ne da yawan ƙwayoyin sarrafawa na firosesa, kuma mafi ƙaranci sai ka biya na 16, ko da injinka huɗu gare shi. Bayan wannan akwai lasisin shiga da ake kira CAL, na kowane ma'aikaci ko kowace na'ura. Wani zai ce ai sai in kunna IIS a Windows na laftof. Za ta kunnu, amma yarjejeniyar ta taƙaita na'urorin da za su haɗu da ita zuwa 20, kuma ba don zama saba aka gina wannan Windows ba. Maganar kwafin da aka fasa a kasuwa kuwa, bar ta. Ban da cewa saɓa dokar haƙƙin mallaka ne, ba ka san abin da mai fasawar ya cusa a ciki ba, kai kuma za ka zuba sirrin marasa lafiya a kai.

A ɓangaren rumbu ma akwai tarko. SQL Server na Microsoft yana da bugun Developer, kyauta ne kuma komai na ciki, amma don gwaji kaɗai. Ranar da aka shigar da majiyyaci na gaske, ka fita daga lasisi. Bugun Express ya halatta a yi aiki da shi, sai dai a na 2022 da waɗanda suka gabace shi rumbu ɗaya ba ya wuce gigabait 10.

MySQL, da ya koma hannun Oracle a 2010, lasisi biyu gare shi: GPL da na kuɗi. Nan ne ake yawan ruɗewa, har wasu na cewa wai duk wanda ya taɓa GPL dole ya buɗe wa duniya kod ɗinsa. Ba haka ba ne. Sharaɗin yana tashi ne wajen rarrabawa. Ka ɗora MySQL a injin asibiti, manhajarka tana yi masa tambaya, babu wanda ke bin ka bashi. Amma idan bayan kammala karatu ka dunƙule shi cikin manhajarka, ka rufe kod, kana sayar wa masu kemis daga Shinkafi har Maraɗi, ka shiga inda Oracle ke sayar da lasisi dominsa. MariaDB, wanda ya ɓalle daga MySQL a 2009 kuma shi ne ke cikin XAMPP na yanzu, shi ma GPL ne. Mai niyyar kasuwanci ya dubi PostgreSQL, don lasisinsa bai hana ka rufe kod ɗinka ka sayar ba.

Shi kansa XAMPP, masu shi sun faɗa cewa na gwaji ne. Yana zuwa da babban asusun rumbu ba kalmar sirri. Zaɓina dai Ubuntu Server bugun LTS, mai samun gyaran tsaro na shekara biyar, da Apache, da MariaDB ko PostgreSQL. Na fifita Apache ne kawai don ranar da ka tafi HND, wanda zai gaje ka ya fi yiwuwa ya san ta.

Saura abu ɗaya. Saba a cikin gini tana nufin bayanan duka suna ɗaki ɗaya, a yankin da ake iya tashi a bar gari cikin dare. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Saboda haka ka kulle faifan injin da kalmar sirri, ka saita shi ya riƙa kwafe rumbu kowace yamma zuwa filasha, ita ma a kulle, kuma kada ta kwana inda injin ya kwana. Duk ƙarshen wata ka ɗauki kwafin, ka buɗe shi a wata kwamfuta ka ga ko ya tashi.