Barcin Ɗalibi: Daga Asuba Ake Ƙirgowa

Duk wanda ya san Bata a Kano ya san ba wuri ne mai saurin yin shiru ba. Kasuwar Sabon Gari za ta tashi, 'yan Kantin Kwari da na Singa su kulle shaguna, amma 'yan adaidaita sahu na nan suna kiran fasinja, mai shayi ya hura wuta, mai tsire ya kunna fitila, janareto kuma na ta ruri a lungunan Fagge da layukan Sabon Gari. A cikin wannan hayaniya 'yan makarantarmu ke kwana, da yawansu kuma sai dare ya raba suke runtsawa. Domin su aka rubuta wannan takarda, da iyayensu, da iyayen gidansu na kasuwa.

Mu fara da lissafi. A shekarar 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da matsaya cewa yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 a kwana ɗaya, mai shekara 13 zuwa 18 kuwa awa 8 zuwa 10. Babban mutum ma ana son ya sami 7 ko fiye. To, a Kano alfijir yakan keto ne tsakanin biyar saura kwata da biyar da rabi, gwargwadon lokacin shekara, kuma ladan ba ya jiran kowa. Ɗalibin da ba Musulmi ba shi ma bai tsira ba, don in bai yi sammako ba cunkoson Bata kaɗai ya isa ya sa a rufe masa ƙofar makaranta. Ashe lokacin tashi a kafe yake, na kwanciya kaɗai ke hannunka. Ƙirgo awa takwas baya daga ƙarfe biyar, sai ka ga ka sauka kan tara na dare. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya kuwa awa huɗu ya samu, rabin abin da jikinsa ke bi ke nan. A aji zai biya sauran, malam na bayani shi yana gyangyaɗi.

Iyaye kan ce taurin kai ne. Akwai shi, amma ba shi kaɗai ba ne. Allah ya halicci jikin ɗan Adam da agogonsa na ciki, mai zagayowa kusan kowace awa 24. Binciken yadda wannan agogo ke aiki shi ya sa aka ba wasu Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, lambar yabo ta Nobel a 2017. In duhu ya shiga, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari da ake kira melatonin, shi ke sanar da jiki dare ya yi. Idan yaro ya fara balaga sai sakin sinadarin ya riƙa jinkiri, da awa ɗaya ko biyu. Shi ya sa za ka kora saurayi ɗaki ƙarfe tara, ya kwanta idonsa ƙyar. Tsawa ba ta juya wannan agogo, haske ke juya shi. Hasken dare yana tura shi gaba, hasken safiya yana jawo shi baya.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, gyaran barcinka da safe zai fara. Tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, ka riƙe shi har ranakun da babu makaranta. Barcin ramuwa na Asabar da Lahadi, wanda ake yi har hantsi ya dubi ludayi, shi ke sa daren Lahadi ka kasa barci, Litinin ka tashi jiki a mace. In gari ya waye fito waje rana ta taɓa ka. Mai tafiya makaranta a ƙasa ya riga ya sami wannan kyauta. Lokacin kwanciya kuma kada ka ce a dare ɗaya za ka ɗauko shi daga ƙarfe ɗaya ka kai shi tara, ba zai yiwu ba, sai dai ka yi ta juyi har ka fid da rai. Riƙa jawo shi baya da kwata ɗaya bayan kowane kwana biyu ko uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai maganar teburin mai shayi, wadda ita ce ta fi ɓata wa 'yan Bata dare ba tare da sun sani ba. Tun daga tashinka da safe wani sinadarin gajiya yake taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne nauyin idon da kake ji da dare. Sinadarin kafeyin da ke cikin ganyen shayi da Nescafé da goro da lemukan ƙarin kuzari ba ya kawar da wannan gajiya, toshe ta kawai yake yi don kada ka ji ta. Kuma ba ya saurin fita, yakan ɗauki wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya sha shayi mai kauri ƙarfe tara, ƙarfe biyu na dare rabin abin yana nan yana aiki. Ga kuma Indomie da ƙwai da aka ɗora a kai, ciki ya cika fal a lokacin da ya kamata ya huta. In ka yi sallar la'asar, to kai da kafeyin sai gobe. Abincin dare kuma a ci shi da wuri.

Na san abin da za a ce: jarrabawa ta ƙarato, ga WAEC ga NECO ga JAMB, dole a kwana karatu. Wannan ita ce babbar yaudarar da ɗalibai ke yi wa kansu. Tun a 1924 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Cornell, Jenkins da Dallenbach, suka gwada ɗalibai biyu da haddar gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana. Suka tarar abin da aka haddace aka kwanta a kansa ya fi zama, a kan wanda aka haddace aka ci gaba da harkokin yini. Binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan: cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya. Gardawan makarantar allo ba su san sunan Cornell ba, amma sun san a biya allo da dare, a kwanta, a tashi da asuba a sake biyawa. Karanta awa biyu bayan magariba da isha'i, ka kwanta, ka ƙara awa ɗaya bayan asuba. Ya fi maka kwana zaune ka shiga ɗakin jarrabawa kai na sarawa.

Waya kuwa illarta biyu ce, ga haske a ido, ga hira da bidiyon da ba su da ƙarshe. Kamfanonin waya sun ƙara da garaɓasar data ta tsakar dare, yaro ya zauna jiran sha biyu don ya sami rahusa, ya manta da barcinsa ya biya cikon kuɗin. A ajiye ta awa ɗaya kafin kwanciya, kuma nesa da shimfiɗa, ba ƙarƙashin matashi ba. Gidan kallo ma haka. Manyan wasannin gasar zakarun Turai na daren Talata da Laraba sukan fara ne ƙarfe takwas ko tara agogon Nijeriya, kafin a tashi a gama musu a kai gida sha ɗaya ta gota. Ba a ce a daina kallon ƙwallo ba. Zaɓi wasa ɗaya a mako, sauran ka ji sakamako da safe, ba abin da zai canja.

Wasu matsalolin na muhalli ne. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano kan haura digiri 40, ɗaki ya riƙe zafi har tsakar dare, alhali jiki sai ya ɗan huce barci ke ɗaukarsa. Watsa ruwa kafin kwanciya yana taimakawa, haka shimfiɗa a tsakar gida, muddin an ɗaura gidan sauro. Wanda dare bai ishe shi ba ya yi ƙailula tsakanin azahar da la'asar, minti ashirin zuwa talatin. Barcin bayan la'asar dai a bar shi, daga na dare yake ci. In kuwa ka kwanta wajen minti ashirin barci ya ƙi zuwa, tashi ka zauna cikin haske kaɗan, ka yi lazimi ko ka duba littafi, sai ido ya yi nauyi ka koma.

Iyaye, ku ma da naku. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son hira bayan isha'i. Gidan da uba ke majalisa har sha biyu, talabijin kuma na kunne, ba a sa ran yaransa su kwanta ƙarfe tara. Alhaji mai shago, yaron da ya taso daga boko ya wuce Islamiyya sannan ya zo maka tsaron kanti, ka sallame shi da magariba, lissafin ciniki ya jira gobe. Hajiya, aikin gidan da ake jibga wa 'ya mace da dare a raba shi da rana, ita ma makaranta za ta tafi da safe.

Kada kowa ya je kemis ya sayi ƙwayar barci da kansa. Irin su baliyam jiki na sabawa da su, a wayi gari ba a iya barci sai da su. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, Kano kuwa na cikin wuraren da abin ya fi ƙamari. In an bi duk waɗannan matakai makonni suka shuɗe barci bai daidaita ba, ko yaro yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa na ɗaukewa, ko rashin barcin ya haɗu da damuwa da ƙin cin abinci da ƙaurace wa mutane, to a kai shi ga likita, a Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a kuma tafi da bayanin lokutan da yake kwanciya da tashi na mako biyun da suka wuce.