ZUMUNCI DA LAFIYAR ƊAN ADAM: NAZARI A KAN ZAMAN JAMA'A A KUDANCIN KANO

GABATARWA

Idan Bahaushe ya gamu da ɗan'uwansa, ba ya tsayawa ga tambayar lafiyar jikinsa kaɗai. Sai ya tambaye shi iyali, da yara, da mutanen gida, da gajiya, kafin a kai ga maganar da ta haɗa su. Wannan doguwar gaisuwa, wadda baƙo kan ɗauka ɓata lokaci ce, tana ɗauke da wani ra'ayi mai zurfi, watau lafiyar mutum ba ta cika sai da lafiyar waɗanda yake tare da su. Manufar wannan maƙala ita ce a gwada wannan ra'ayi da abin da masana ilmin halayyar ɗan Adam suka gano a bincikensu, sa'an nan a dubi yadda al'amarin yake a ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, a kudancin Jihar Kano. Abin da za a nuna shi ne, zumunci yana cikin abubuwan da ke riƙe da lafiyar jiki da ta zuciya, kuma duk aikin raya karkara da ya manta da shi yana iya gyara wani abu ya ɓata wani.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

A shekarar 1979, wasu masana biyu, Lisa Berkman da Leonard Syme, suka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a gundumar Alameda ta Jihar Kalifoniya a Amurka. An bi rayuwar mutane kusan 7,000 har tsawon shekara 9. Aka tarar waɗanda ba su da aure ko abokai ko wata ƙungiya da suke ciki sun ninka masu yawan hulɗa wajen mutuwa a cikin waɗannan shekaru. Bambancin bai gushe ba ko da aka yi la'akari da shan taba da shan giya da ƙiba da talauci da irin lafiyar da kowa ya fara da ita. A shekarar 2010 kuma, Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta suka tattara bincike 148 da suka shafi mutane fiye da 300,000, suka nuna cewa damar tsawon rai ga mai ƙaƙƙarfar hulɗa ta fi ta marar ita da kashi 50 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta shiga maganar, inda rahotonta na watan Yuni 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici.

To, ta yaya zama da mutane ke kare jiki? Masana sun ambaci hanyoyi uku. Ta farko ita ce taimakon zahiri, kamar rance da abinci da kai marar lafiya asibiti. Ta biyu ita ce sa ido, domin wanda yake cikin mutane ba ya kwana biyu a kwance ba a sani ba, kuma akwai mai tsawata masa idan ya kama hanyar da za ta cuce shi. Ta uku ita ce rage nauyin damuwa. Sheldon Cohen da Thomas Wills sun bayyana a 1985 cewa sanin da mutum ya yi akwai wanda zai tsaya masa idan ta ɓaci, wannan sanin kaɗai yana rage masa zafin musiba, ko da bai kai ga neman taimakon ba. Galibin waɗannan bincike-bincike a Amurka da Turai aka yi su, amma Bahaushe ya riga ya taƙaita ma'anarsu da ya ce ɗan'uwa rabin jiki, kuma mutum rahama ne.

YANKIN DA AKE MAGANA A KANSA

Waɗannan ƙananan hukumomi huɗu ƙasar noma ce mai samun ruwan sama fiye da arewacin Jihar. Ana noma masara da dawa da shinkafa da rake da gyaɗa. Kiru da Bebeji suna kan hanyar Kano zuwa Zariya, inda Kwanar Ɗangora ta zama mahaɗar matafiya. Tudun Wada da Doguwa kuwa suna kan hanyar Jos, wadda ta ratsa dajin Falgore, kuma Riruwai, hedikwatar Doguwa, ta yi suna da haƙar kuza, abin da ya jawo mata baƙi daga wurare da yawa. Mazauna yankin sun haɗa da Hausawa Musulmi, da Fulani na gida da na daji, da Maguzawa, da Hausawa Kirista, da wasu ƙabilu kamar Kurama a wajen iyaka da Jihar Kaduna. Saboda haka wuri ne da ya dace a nazarci yadda ake jawo mutum cikin jama'a da yadda ake ware shi.

HANYOYIN RIƘE JUNA NA GARGAJIYA

Hanya ta farko ita ce gayya. Manomin da aiki ya fi ƙarfinsa yakan sa rana ya gayyaci maƙwabta, a dama fura ko kunu, a yi tuwo, a raba goro, wani lokaci har da makaɗan noma. Saurayi kan kai abokansa gonar surukinsa, kuma akan yi wa tsoho ko marar lafiya noma ba tare da ya roƙa ba. A zahiri gona ake nomewa, amma akwai wani amfani da ba a aunawa da mudu. Wanda aka amsa gayyarsa ya tabbata yana da mutane, wanda aka gayyata kuma ya san ana bukatarsa. Roy Baumeister da Mark Leary sun yi bayani a 1995 cewa son a ƙidaya mutum cikin jama'a bukata ce ta asali a halittarsa, kuma ba ta biya sai da haɗuwa a kai a kai da kulawa mai ɗorewa. Gayya ta tara waɗannan sharuɗɗa biyu. Sai dai ta yi rauni, domin ƙwadago da tarakta da maganin feshin ciyawa sun ɗauke yawancin aikin da ake taruwa dominsa.

Hanya ta biyu ta mata ce, watau ƙawance da biki. Littafin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna yadda mata a kudu maso yammacin ƙasar Kano suke ƙulla ƙawance da gangan, da sanin jama'a. Idan suna ko aure ya tashi a gidan ɗaya, ɗayar za ta kai gudummawa, wadda za a mayar mata da ƙari ranar nata bikin. Mai kallo daga waje zai ce ciniki ne. Amma hikimar ita ce bashin ba ya ƙarewa, kuma muddin bai ƙare ba, dole a ci gaba da zuwa gidan juna. Ga macen da aure ya kai ta wani gari nesa da danginta, ƙawa ita ce abokiyar shawara da kuka. Shi ya sa ake cewa zumunta a ƙafa take. Ba za a ɓoye ba kuwa cewa biki yakan zama nauyi idan gasa ta shige shi, har mace ta ci bashi don gudun gori, kuma hulɗar da ta koma tsoro ba ta ba da natsuwar da ake nema.

Hanya ta uku ita ce wasan barkwanci, kamar na taubasai, da na jika da kaka, da na Kanawa da Zagezagi, da na Fulani da Barebari. A yankin da ke bakin iyakar Kano da Zazzau, wasan Bakano da Bazazzagi abu ne na kullum a kasuwa da tasha. Aikin wannan wasa shi ne ya ba mutane biyu da ba su san juna ba wata dangantaka tun kafin su tambayi sunan juna, ya kuma ba su damar faɗin magana mai ɗaci cikin raha ba tare da an yi fushi ba.

TIGA: ABIN DA DIYYA BA TA BIYA

Tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka datse Kogin Kano a Tiga. Tafkin da ya taru ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 178. Amfaninsa a bayyane yake, domin da shi ake noman rani a Kadawa da kewayenta, yana ba birnin Kano ruwan sha, ga kuma kamun kifi. Amma ruwan ya cinye gonaki da ƙauyuka, aka tashi dubban mutane aka sake musu matsuguni. Al'amarin ya jawo hankalin masana, har Jacob Voh ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Jihar Iowa a 1980.

Abin lura a nan shi ne, lissafin diyya a ko'ina yana ƙidaya ɗakuna da gonaki da itatuwan amfani kamar ɗorawa da kuka da mangwaro. Ba ya ƙidaya maƙwabcin da aka yi shekara 30 ana aron garma da shi, ko dandalin da ake hira, ko maƙabartar da iyaye suke kwance. Marc Fried, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya bi mutanen wata unguwa da aka rushe a birnin Boston, ya ruwaito a 1963 cewa kusan rabin matan da fiye da sulusin mazan sun shiga baƙin ciki mai tsanani irin na wanda aka yi wa rasuwa, ko da yake wasunsu sun koma gidajen da suka fi na da kyau. Haka kuma Michael Cernea, masanin zaman jama'a na Bankin Duniya, ya lissafa haɗurra 8 da ke bin tayar da jama'a, ya sa wargajewar dangantaka a cikinsu tare da rasa gona da rasa sana'a. Darasin da ke ciki shi ne, idan tilas ta sa a tashi ƙauye, a tashe shi ɗungurungum, unguwa da unguwarta, da mai unguwa da liman da sarkin noma, kada a warwatsa gidaje bisa ga inda fili ya samu.

WARIYA DA MAGANINTA

Hausa tana da kalmomi masu nauyi a kan wannan, kamar bare, da ƙauracewa, da saniyar ware. A 2003, Naomi Eisenberger da Matthew Lieberman da Kipling Williams suka sa mutane wasan jefa ƙwallo a kwamfuta, aka shirya yadda za a daina jefa musu, ana kuma ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Aka ga wani sashe da ke motsawa lokacin zafin ciwo ya motsa a lokacin da aka ware su. Masana sun yi ta muhawara a kan fassarar wannan sakamako, amma ba a musun cewa wariya tana da zafi, ko da ta 'yan mintoci ce tsakanin mutanen da ba su san juna ba. To, ina ga wadda ta ɗauki shekaru? A karkara, waɗanda abin ya fi shafa su ne mai taɓin hankali, da macen da ta gamu da yoyon fitsari wajen haihuwa, da tsohon da 'ya'yansa suka tafi ci-rani, da kuma wanda addininsa ko ƙabilarsa ba ta da rinjaye a garin.

Game da wariya tsakanin ƙabilu da addinai, Gordon Allport ya kawo shawara a 1954 cewa cuɗanya tana rage ƙyama idan ɓangarorin suna aiki tare, a matsayi ɗaya, don cim ma buri ɗaya, da goyon bayan shugabanni. An jarraba wannan a Kaduna a 2014. Alexandra Scacco da Shana Warren suka yi bincike da samari 849, Musulmi da Kirista, aka sa wasunsu koyon kwamfuta na mako 16, wasu a aji mai gauraye, wasu a ajin 'yan addini ɗaya. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna ra'ayin samarin game da juna bai sauya ba, amma da aka ba su kuɗi su raba, 'yan aji mai gauraye ba su nuna bambanci kamar 'yan ajin addini ɗaya ba. Watau hali yana iya gyaruwa tun kafin ra'ayi ya gyaru, kuma keɓe mutane su kaɗai yana ƙara musu son kai ga nasu.

Wannan ya yi daidai da abin da aka saba a kudancin Kano. Manomi da Bafillace suna da tsohuwar yarjejeniya, shanu su ci karan gona bayan girbi su bar taki. Bamaguje da Musulmi suna haɗuwa a kasuwa da gyaran hanya da gaisuwar rasuwa. Ba wanda ya bar abin da ya yi imani da shi, amma kowa ya san amfanin ɗan'uwansa. Inda takin zamani da noman rani suka sa manomi ya daina bukatar makiyayi, nan ne zargi ke samun wurin shiga, kamar ƙadangare a tsagaggen bango.

KAMMALAWA

An ga cewa binciken masana da hikimar Bahaushe sun haɗu a kan magana ɗaya, ita ce mutum ba ya lafiya shi kaɗai. An kuma ga cewa gayya da biki da wasan barkwanci sun ɗore ne saboda akwai wani aiki ko wata bukata da ke tara mutane, kuma suna raunana idan aikin ya gushe. Saboda haka wa'azin a riƙe zumunci kaɗai ba zai wadatar ba. Ya kamata ƙananan hukumomi da masu unguwanni da ƙungiyoyin manoma su riƙa ƙirƙiro aikin da zai haɗa mutane, kamar yashe magudanar ruwan noman rani da gyaran mashayar dabbobi da kula da rijiyar burtsatse, a sa manomi da makiyayi, da Musulmi da wanda ba Musulmi ba, a kwamiti ɗaya. Ma'aikacin asibitin ƙauye kuma, bayan ya tambayi tsoho inda ke masa ciwo, ya dace ya tambaye shi wa ke kawo masa abinci, wa kuma ke zuwa gaishe shi. Su kuwa ɗaliban Hausa, akwai aiki a gabansu na tattara kalmomi da karin magana da waƙoƙin gayya daga bakin tsofaffin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, musamman waɗanda suka ga tashin ƙauyukan Tiga da idonsu, domin mafi ƙanƙantar waɗanda suka yi wayo a lokacin sun haura shekara 60.