Cigiya Cikin Kurmi

Karatu: Luka 15:1-7, Ezekiyel 34:1-16, Yohanna 10:1-16.

Dukanmu mun san abin da a kan yi a ƙauye idan yaro ya tafi kiwo, rana ta faɗi bai komo ba. A kan gaya wa mai gari, a yi shela, maza su fito da fitila da sanda, su shiga jeji suna kiran sunansa. Ba wanda ya kan tsaya tambayar ladansa. Darasinmu na wannan wata a kan irin wannan cigiya ne. Za mu ɗauki labarin wani nema da aka yi a wata ƙasa mai nisa, mu ajiye shi kusa da misalin ɓatacciyar tunkiya wanda Ubangiji Yesu ya bayar, mu ga abin da za mu koya.

Labarin

Ran 1 ga watan Mayu, 2023, wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi cikin kurmin Amazon, a kudancin ƙasar Kolombiya, cikin Amurka ta Kudu. Mutum 7 ne a ciki. Manya 3 suka mutu, wato matuƙin jirgin, da wani mutum, da wata mace mai tafiya da 'ya'yanta 4. Yaran kuwa suka tsira. Babbarsu tana da shekara 13, mai bi mata 9, sa'an nan namiji mai shekara 4, da jaririya 'yar wata 11. Su 'yan kabilar Witoto ne, mutanen kurmin.

Sai da aka yi mako 2 kafin a ga inda jirgin ya faɗi. Aka tarar da gawawwakin manyan, amma ba yaran. Gwamnati ta aiko da soja wajen 150 da karnuka masu bin sawu. Mutanen kurmin kuma suka sa kai, suka bar gonakinsu da iyalinsu, suka zo neman yaran da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Ran 9 ga watan Yuni, bayan kwana 40, aka same su duka huɗu da rai, wajen kilomita 5 daga inda jirgin ya faɗi. Sun rame ƙwarai, amma garin rogo da suka ɗauka daga jirgin, da 'ya'yan itatuwa waɗanda babbar ta san ana ci, sun riƙe su.

Bari mu duba abu huɗu cikin wannan nema.

1. An fara daga inda aka san sun kasance

Masu nema ba su bazu ko'ina kawai ba. Sun fara daga jirgin, suna duban ƙasa a hankali. Suka tsinci kwalbar madarar jaririyar, da almakashi, da 'ya'yan itace da aka gatsa aka yar, da 'yar bukka ta ganye, da sawun ƙananan ƙafafu cikin laka. Kowace alama tana gaya musu cewa yaran suna da rai, tana kuma nuna inda suka nufa.

Haka ya ke cikin ekklesiya. Idan ɗan'uwa ya daina zuwa sujada, akwai ranar da aka gan shi ta ƙarshe, akwai kuma abin da ya faru. Wataƙila gardama ce a kan iyakar gona, ko bashi, ko ciwo, ko zunubin da ya sa shi jin kunya. Makiyayin da ke cikin misalin ya san ɗaya ta ɓace domin ya ƙidaya garkensa. Ta bakin annabi Ezekiyel Allah ya tsauta wa makiyayan Isra'ila, gama sun ci amfanin garke, amma ba su kula da waɗanda suka watse ba. Mu fa, mun san ko su wane ne ba su nan?

2. Da ƙafa aka same su

Jirage masu saukar ungulu sun yi ta shawagi, sun jefa abinci da takardu. Amma itatuwan kurmin dogaye ne, ganyensu ya rufe ƙasa, mai duba daga sama ba ya ganin abin da ke ƙarƙashi. Dole mutane suka shiga da ƙafa, cikin ruwan sama da sauro da macizai, suna sara hanya da adda. Soja suna da rediyo da kayan aiki. Mutanen kurmin kuwa sun san sawu, sun san inda yaro zai nemi ruwa da abinci. Dā ba su cika yarda da juna ba, amma neman ya haɗa su, kuma mutanen kurmin ne suka fara isa wurin yaran.

Wa'azi daga bagade yana da kyau, amma wanda ba ya zuwa majami'a ba zai ji shi ba. Sai an je gidansa. Wannan kuwa ba aikin fasto da dattawa kaɗai ba ne. Sau da yawa tsohuwar da ke cikin zumuntar mata, ko saurayin da suka yi kiwo tare, shi ne ya san hanyar zuciyar mutumin.

3. Ɓatacce ya kan ɓuya

Ga abin mamaki. Daga baya aka gane masu nema sun wuce kusa da yaran, amma yaran suka yi shiru, suka ɓuya, domin suna tsoron baƙi masu bindiga da haushin karnuka. Tun da fari masu nema sun yi tunanin wannan. Suka ɗauki muryar kakar yaran, suka riƙa sa ta cikin lasifika, tana yi musu magana da harshensu, tana ce musu su tsaya wuri ɗaya, ana nemansu.

Tun cikin gonar Adnin mutum ya ke ɓuya wa mai nemansa (Farawa 3). Kada mu yi mamaki idan ɗan'uwa ya gan mu daga nesa ya sake hanya. Yana tsammani mun zo yi masa shari'a ne. Ubangiji ya koya mana cewa tumaki su kan gudu daga baƙo, amma su kan bi muryar da suka sani. Manzo Bulus kuma ya gargaɗi Galatiyawa su komo da mai laifi da tawali'u, suna lura da kansu (Galatiyawa 6:1). In mun je da faɗa, za mu ƙara kora shi cikin kurmi.

4. Ba a daina ba

Ran 17 ga Mayu shugaban ƙasar ya ba da sanarwa an sami yaran, amma washegari ya janye, gama labarin ba gaskiya ba ne. Zukata suka karai. Kwanaki suka yi ta wucewa, har mutane da yawa suka fid da rai. Ɗaya daga cikin karnukan soja ma ya ɓace cikin kurmin, ba a sake ganinsa ba. Duk da haka masu nema suka ci gaba. Da aka same su, sai soja ya faɗi kalmar da aka shirya ta rediyo, wato mu'ujiza, sau huɗu, ɗaya domin kowane yaro. Ƙasa duka ta yi murna.

Makiyayin misalin bai ƙayyade wa kansa kwanaki ba, iyakar nemansa ita ce samu. Mu kuwa mu kan je sau ɗaya, in ba a karɓe mu ba mu ce mun sauke nauyi. Mu tuna Makiyayi Mai Kyau ya neme mu sa'ad da mu ke ɓuya, neman nan kuma ya kai shi har gicciye. In akwai murna a sama sabo da mai zunubi ɗaya da ya tuba, ashe tafiya ta biyu da ta uku zuwa gidan ɗan'uwa ba ta yi yawa ba.

Tambayoyi

1. Wane laifi Allah ya kama makiyayan Isra'ila da shi cikin Ezekiyel 34?
2. Don me yaran suka ɓuya wa masu nemansu? Wane irin hali namu ne ya kan sa ɗan'uwa ya ɓuya mana?
3. Su wane ne cikin ekklesiyarmu ba mu gani ba wata uku ke nan? Wa zai je wurin kowannensu cikin wannan mako?

Kafin a tashi, a ambaci sunayensu ɗaya ɗaya cikin addu'a, a roƙi Ubangiji ya ba waɗanda za su je haƙuri da magana mai taushi.