Ba Kowane Tsuntsu Ne Jan Baki Ba: Shawarwari Ga Magidantan Fadamar Rima

Manomin shinkafa a Argungu ko Birnin Kebbi yana da hujjar jin haushin tsuntsu, domin jan baki kan dira a gona da safe, kafin yamma ya tafi da wahalar watanni. Abin da ke damuna shi ne yadda haushin ke shafar tsuntsayen da suke yi mana aiki kyauta.

1. Kada a barbaɗa guba a hatsi ko a mushe. Ungulu ce ke fara mutuwa, ita da ke kwashe ƙazantar mahauta tun ƙuda bai taru ba. A 2015 aka sanya ungulun da muka saba gani cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Indiya ta riga mu gani: wani maganin ciwon shanu ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayenta kafin a haramta shi a 2006, mushe ya taru, karnukan juji suka yawaita. Masu sayen kan ungulu don tsibbu ma, a daina kai musu.

2. Jan baki korarsa ake yi. A haɗa baki da maƙwabtan gona a yi shuka lokaci ɗaya, don wanda shinkafarsa ta nuna ita kaɗai shi ne ke ciyar da su. A ɗaura gwangwanaye a igiya, a yi gadi safe da yamma, a girbe da zarar ta nuna. In an gano makwancinsu, a sanar da malaman gona. Feshi aikin hukuma ne. Tsuntsun da ya faɗi bayan feshi kuwa, kada ya shiga tukunya.

3. A bar wa shamuwa itacen da take sheƙa. Fara take ci, zuwanta kuma albishir ne na damina.

4. Watannin Maris da Afrilu, a ajiye wa tsuntsaye kasko da ruwa a inuwa, a riƙa sauyawa kullum saboda sauro.

5. A daina jifan mujiya. Camfi ne ya ɓata mata suna, alhali ɓerayen da ke yi wa rumbu ɓarna su ne abincinta.

6. Yaron da ke yawo da danƙo, a saya masa littafi da biro. Ya zauna bakin kogin Matan Fada da sanyin safiya ya rubuta abin da ya gani: balbela, zalɓe, dinya, kirinjijiya. Da hunturu akwai baƙi daga Turai da suka keto Sahara don ruwan fadamarmu. Wasu na ɗauke da zobe mai lamba a ƙafa. In an tsinci irinsa a adana, domin masu binciken tsuntsaye, irin na cibiyar Amurum da ke Jos, da shi suke gane hanyar da tsuntsun ya biyo. Yaron ya kuma tambayi kakansa labarin gauraka. Dattawa sun san ta a fadama, yaran yau da yawa sai a hoto, ga shi ana kiranta tsuntsuwar Najeriya.

7. In an ga matattun tsuntsaye da yawa wuri guda, kada yara su taɓa, a killace kaji da agwagi, a kira likitan dabbobi. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006, kuma tana dawowa.